Sawu a Kan Daɓe

Ni nake zuwa bayan kowa ya watse,
ƙarfe tara na dare, da bokiti da tsumma,
a wata tsohuwar maƙerar cokula a Sheffield
da aka shimfiɗa wa katako, aka ce ɗakin rawa ne.

Kakana maharbi ne.
Ya koya mini karatun ƙasa kafin na allo,
shi ya sa ba na jiƙa daɓen nan sai na karanta shi.

Ga baƙin zare biyu, sun tafi tare, sun yi baka,
sun dawo sun haɗiye wutsiyarsu:
keken Imogen ke nan.
Ga ɗigo-ɗigo kamar an kifa bakin finjali:
sandunan Dafydd, da yake dira da su kamar zalɓe.
Ga tafin ƙafa, gumi bai gama bushewa ba:
Keziah ce, kunnenta ba ya ji,
takan tuɓe takalmi don kiɗa ya shige ta ta ƙasa.
Sauran sawun na masu ƙafa biyu ne. Su ma ba laifi.

Wata Laraba ruwa ya koro ni da wuri.
Na laɓe a bakin ƙofa, rigata tana ɗiga.
Babu kalangu, babu mai kirari,
sai wani sauti kamar yayyafi a kan kwano.
Wani dogo ya zube ƙasa da gangan,
Imogen ta karkata keke a kan taya ɗaya,
ya tare ta da gadon baya,
ta mirgino, ta kwashe shi a cinya, suka yi gaba.
Wallahi na zura ido,
na kasa gane wa ke ɗauke da wa.

Sai ta damƙe taya, ta tsaya cak,
ta ce masa ya makara da ƙidaya ɗaya.
Ba ta sassauta murya ba, shi ma bai ce mata sannu ba.
Suka yi musu kamar 'yan tireda a kan canji,
suka koma farko.
Sau goma sha ɗaya na ƙirga.

A nan Hashimu ya faɗo mini a rai,
ƙanena, da cutar shan-inna ta riƙe wa ƙafafu yana ɗan shekara huɗu.
In ana biki a unguwarmu a Funtuwa
shi ake ajiyewa a bakin tabarma, ya yi gadin takalma.
Kafaɗunsa kuwa ba sa jin magana,
suna bin ganga, suna bin ganga.
Na gani.
Ina tsakiyar fili ana mini liƙi.
Ban taɓa miƙa hannu ba.

Na nemi izini, na ɗauki minti ɗaya a waya,
na tura masa can rumfarsa ta gyaran kekuna.
Kwana biyu shiru.
Sannan muryarsa ta zo, da hayaniyar kasuwa a bayanta:
"Yaya, ka gaya wa yarinyar nan
tayarta ta hagu tana son mai."
Ya yi dariya, ya yi tari,
ya daɗe bai ce komai ba, wayar tana ta ɗauka.
"Akwai saura? Turo."

Na isar da saƙo. Ta juya tayar, ta kasa kunne,
ta ce mutumin nan ya san aikinsa.

Yanzu kusurwar taga nake bari ƙarshe.
In na kashe rabin fitilu
nakan ɗora ƙafa a kan zaren Imogen in bi shi,
sandar tsumma ce abokiyar rawata.
Gwiwa mai shekara hamsin da takwas
tana kuka kamar tsohon ƙyaure.
Inda ta juya sau ɗaya, ni sai na yi taku bakwai,
kuma kullum a kwanar nan nake ɓacewa.

Sai in goge. Aikina ke nan.
Gobe ƙarfe goma za su zo su sake rubutawa,
ni kuwa motar ƙarshe ta Burngreave
ba ta jiran mai rawa.