Gwangwanayen Baba Barmo

A Rafindaɗi, ƙarƙashin gadon ƙarfe,
Baba Barmo na ajiye da gwangwanaye goma sha ɗaya.
Fim ne a ciki, naɗe kamar gammo.
In ka buɗe, tsami ya bugi hancinka
kamar ƙullun da aka manta kwana uku.

Ɗaya ya ceto daga hannun 'yan gwangwan a Ƙofar Ƙaura,
har an ɗora shi kan sikeli tare da matattun tukwane.
Biyu ya gada wurin direban majigi
da ya yi wa yaron mota shekara tara.
Sauran, in ka tambaya, sai ya ce, "Rabo."

Daren Alhamis yakan kafa farin zane a zaure.
Na'ura ta yi tari, ta ƙara tari, ta kama.
Ga wani siriri ya saɓo tsani:
ya waiwaya, ya kwaɗe ɗan sanda,
ya juyo ba da haƙuri, ya kwashe mai tallar ƙwai.
Wani ƙato ya zauna daɓas cikin bokitin farar ƙasa,
ya miƙe yana gyara hula,
don ita ce mutuncin da ya rage masa.

Bakinsu na motsi, babu murya.
Baba ne ke ara masu Hausa:
"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne, tsanin ne!"
Amma Sallau kurma, mai gyaran keke,
shi ke riga kowa ƙyalƙyalewa.
Nan ne kaɗai ba wanda ya fi shi ji.

Bara wani ya zo daga Legas da jaka,
ya ce ana neman irinsu a ƙetare,
ya faɗi kuɗin da zai rufe ɗaki da sabon kwano.
Baba ya dama masa fura, ya raka shi bakin titi.
"In na sayar, wa zai riƙa faɗuwa don Sallau?"

Yanzu na bakwai ya manne kamar alewa a rana.
Taƙi ɗaya ya tsira.
Da hantsi yakan ɗaga shi saitin taga,
ya kanne ido ɗaya:
mutumin ya rabu da tsani, bai kai ƙasa ba,
hannuwa a buɗe, hula a sama.
Shekara ɗari ke nan
bai gama faɗuwa ba.