Dabaibayin Kashka

Kwana biyu muna hawa daga garin Narin,
ni da ƙanena Ulukbek, da dawakai uku.
Inda hanyar mota ta mutu, nan muka bar ta,
muka bi sawun tumakin Kirgizawa.

Kashka ne a gaba, tsohon dokin babanmu,
mai farin tabo a goshi kamar an ɗiga masa nono.
Ba wanda ya hau shi.
Tanti ya ɗauko, da tukunya,
da gishiri ƙulle cikin safar da ta rasa 'yar'uwarta.

Tafkin ba shi da suna a takarda.
Yana kwance tsakanin duwatsu
kamar tasar da aka manta a waje ta kwana da ruwan sama.
Ba famfo, ba makewayi,
ba ko bishiyar da za a ɗaura wa igiya.
Sai gajeriyar ciyawa, da iska mai haƙora,
da ƙanƙara a kan tsauni a tsakiyar Yuli.

Ulukbek ya tsinto busasshen kashin shanu,
ya ɓata ashana bakwai.
Na ƙirga.
Baba da ɗaya yake kunnawa,
amma na haɗiye maganar.
Shayin duk warin hayaƙi, haka muka sha,
da dunƙulen cuku mai taurin tsakuwa.

Da magariba na durƙusa gaban ƙafafun Kashka
riƙe da dabaibayin da Baba ya tufka da hannunsa.
Ƙullin nan sau ɗari na ga ana yin sa.
Ido ya sani,
yatsu suka ce ba da su aka yi ba.

Dare ya raba, sanyi ya shigo bargo ba sallama.
Na ji kofato, na ce mafarki ne.
Can nesa wani abu ya yi kuka,
kare ko kyarkeci, ban tashi na tambaya ba.

Da asuba, dawakai biyu.
Dabaibayi a ƙasa, a warware,
raɓa ta daskare a kansa.
Ulukbek bai ce uffan ba,
da ma zagina ya yi, da ya fi sauƙi.

Muka bi sawu ta bakin ruwa,
taɓo yana ƙoƙarin ƙwace mana takalma,
agwagwar daji ta tashi ta ba mu tsoro,
muka zagaya wani hancin dutse
wanda iska ba ta iya tsallakawa.

Ga shi nan.
Tsaye, kai a sunkuye, tururi na fita daga hancinsa,
kusa da wasu duwatsu uku da wuta ta taɓa baƙantawa,
da guntun turke, rabinsa ya ruɓe,
da murfin butar da Inna ta shekara tana nema.

Shekara goma sha ɗaya Baba na hawowa nan shi kaɗai,
bai taɓa gaya mana inda yake sauka ba.
Ashe a gefen da ba shi ba muka kafa tanti.

Ulukbek ya zauna, ya cire hula,
ya daɗe yana juya murfin a tafin hannunsa.
Kashka ya fara kiwo, kamar ba abin da ya faru.

Kafin azahar mun kwaso kayanmu mun dawo nan.
Daren nan ashana huɗu aka ɓata.
Dabaibayin kuwa, na yi matashi da shi.