Lasisin Ɗaki Biyu

Da kuɗin sallamar masaƙa na ɗora su,
ɗaki biyu da falo a bayan gidana, Barnawa,
bulo bisa bulo, damina huɗu,
har Kande ta ce sai mun mutu za a sa ƙyaure.
Ita ta riga ni.
Ƙyauren ya zo daga baya.

Jikana Tanimu ya ɗauke su hoto da waya.
Ya ce, Kaka, masu saukowa daga jirgi a Rigasa
ba duka ke son otal ba:
kwana biyu, kwana uku, su biya, su wuce.
Na ce baƙo raɓa ne.
Ya ce to, mu tara raɓar a kwano.

Aka yi ta zuwa.
Ɗan kwangila mai minshari, 'yan ɗaurin aure,
wata uwa da ta zo ganin an yaye ɗanta soja,
ta bar min daddawa a leda.
Sai wata Asabar wasu yara suka ce su uku ne.
Lantana maƙwabciyata ta ƙirga mota goma sha ɗaya,
kiɗa bai mutu ba sai da ladan ya yi gyaran murya.

Ran Talata Jatau ya iso,
fayil a hammata, igiyar awo a aljihu,
yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni
kafin ya liƙa min takarda a ƙofa.
Baba, ba lasisi, ba baƙo.

Ya karanto, ina lissafi da yatsu:
tukunyar kashe gobara, ja, a rataye,
taga da za ta fitar da ƙato in wuta ta tashi,
mutum huɗu, kada a ƙara ko jariri,
ƙarfe goma na dare a kashe kiɗa,
littafi mai layi, kowa ya sa suna
da lambar katinsa na ɗan ƙasa,
sa hannun mai unguwa, sa hannun maƙwabta biyu.
Yatsuna suka ƙare, shi bai ƙare ba.

Maƙwabta biyu!
Na ɗauki goro na tafi gidan Lantana.
Ta karɓi goron, ta bar biron a kan tabarma
har shayinta ya huce.
Ta ce ba kuɗinka nake ƙi ba, Dogara,
barcina nake so.
Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ta fi ni.

Sau bakwai na haye gada zuwa ofis,
kogi na kallona ina kallonsa.
Yau oga ya fita, gobe hatimi na aljihunsa,
jibi hotona ya yi duhu.
Ɗakunan suna rufe, gizo-gizo ya kama haya,
shi ba wanda ya tambaye shi kati.

Daren jiya, ana ruwa, aka buga ƙofa.
Wata tsohuwa daga Kaciya, ido ɗaya a naɗe,
gobe za a yi mata aiki a asibitin ido,
yarinya riƙe da hannunta, duk sun jiƙe.
Ba kati. Kuɗin ma na mota ne kawai.
Na haska tocila a takardar Jatau,
na bi ta layi-layi.
Ta yi maganar mai biya.
Ba ta ce komai ba kan wanda bai biya ba.

Na buɗe.
Lantana ta leƙo ta katanga, ta koma,
can sai ga ta da kunu a jug da zane busasshe.

Da safe na tarar da takardata a ƙarƙashin ƙofa,
sunanta a ƙasa, da rubutun yaƙi da jahilci.
Saura maƙwabci ɗaya,
shi kuma ya tafi Kafancan sai bayan Kirsimeti.