Akwatin Nan Kurma Ne

Sule biyu Horace Pickersgill ya ba ni
don in faɗo daga tsani.
Ni da na saba faɗuwa kyauta,
sai na ce masa to.

A Keighley ne, ina ɗan shekara ashirin,
garin da hayaƙin masaƙu ke karya kumallo da rana
kafin mu gan ta.
Bayan shagon mai gyaran keke aka kafa ɗakin:
bango uku na zane, taga ɗaya ta gaske,
babu rufi, don hasken sama ba a biyansa.
In iska ta taso sai bangon ya yi numfashi.

Mu huɗu ne, da kare.
Cuthbert Sugden mahauci shi ne ɗan sanda,
don shi kaɗai ya cika rigar aro.
Gashin bakinsa na wutsiyar doki ne, an liƙa da ƙaro;
sau biyu ya yi atishawa, sau biyu aka tsinto shi a ƙasa.
Tsohuwa Hepzibah aikinta leƙowa ta taga da tsintsiya.
Winnie Ackroyd ce 'yar mai gida.
Ni ne mai shafen farar ƙasa, wawan wasa.
Karen ya fi mu duka lada: ƙashi, da sauran tsoka a jiki.

Horace na murza hannun kyamara kamar mai markaɗe,
hula a juye, yana ƙirga, yana ihu:
Gudu! Waiwayo! Zaro ido!
Gajimare ya zo, mu zauna shan shayi.
Ya wuce, in hau tsani.
Sau bakwai na faɗo.
Na bakwan ne gwiwata ke tuna mini
duk sanda hadari ya haɗo.

Ya ce mana, ku dai motsa baki,
ku faɗi abin da kuka ga dama,
akwatin nan kurma ne.
Cuthbert na bi na da kulki
yana lissafin farashin naman tunkiya.
Ni kuwa, bokiti a ka, farar ƙasa har cikin kunne,
na ɗaga shi na hangi Winnie can tana fama da kare.
Shekara biyu ina kai magana ƙofarsu ina komowa da abata.
Na dubi idon akwatin, ba murya,
na ce, Winnie, ki aure ni.

Daren Asabar aka haska majigin a zauren gari.
Minti shida. Mai piyano ya makara.
Abin da Horace ya manta, ni ma na manta:
matan masaƙa ne suka cika benci,
waɗanda ƙarar inji ta koya wa jin magana da ido
daga wannan bango zuwa wancan.
An yi dariyar tsani, an yi ta kare.
Da fuskata ta cika farin ƙyalle sai zaure ya yi tsit,
sannan mata ɗari biyu suka waiwaya lokaci guda
suna neman inda Winnie ta zauna.
Wata daga baya ta ce,
ga Sugden kuma ya ƙara kwabo a kan tunkiya!

Winnie ba ta motsa ba. Ita ma masaƙiya ce.
Sai da aka kunna fitila ta miƙe,
layi tara tsakaninmu,
ta dube ni ta saman huluna, ta motsa leɓe.
Ni yaron gidan burodi ne, ban iya karatun baki ba.
Sai da na tambayi Hepzibah,
ita kuma ta ja mini rai har bakin ƙofa.

Fim ɗin ya ƙone da rumfar Horace.
Cuthbert ya tafi yaƙi Faransa,
rigar nan ba ta aro ba ce, kuma bai dawo ba.

Shekara arba'in da ɗaya muka yi.
A kwanciyarta ta ƙarshe murya ta ɗauke,
ta yafito ni, ta motsa leɓe.
Wannan karon ban nemi kowa ba.
Cewa ta yi, butar shayi na tafasa,
je ka sauke.