Gawayin Badagiri

A Badagiri na sayo ɓawon kwakwa, buhu guda.
Iya Morenike ta ƙirga kuɗin tana kallona:
"Me za ki dafa da wannan?"
Na ce wuta zan ɗaure a ciki.
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

A Yaba, hawa na uku, tanda ta kwana tana huci,
zafi ɗari tara, an toshe wa iska hanya.
Da safe ɓawon ya fito baƙi wuluk,
ba nauyi, kamar alkawarin ɗan kamasho.
Na niƙa, na kwaɓa, na shafa a fallen tagulla,
shafin bota a burodin Agege
ran da albashi ya makara,
na rufe shi a batir mai faɗin kwabo.

A ƙarƙashin madubi, gawayin nan gari ne:
lungu cikin lungu, ɗaki bayan ɗaki,
Ajegunle a kan tsinin allura.
Ƙwayoyin sodiyam su shiga in an yi caji,
su fito in an ja wuta,
kamar masu tsallaka gada, asuba da magariba.
Sai dai ba duk mai shiga ke fitowa ba.
Zagayen farko ya haɗiye uku cikin goma;
sun sami ɗaki, sun ajiye kaya.
Na san irinsu.
Babana ma wata uku ya zo yi a Ikko.

Malam Tanimu mai gawayi, bakin layin dogo,
shekara talatin da ɗaya yana auna baƙi da gwangwani.
Ƙwanƙwasawa yake, ya kai kunne:
in ya yi amo, na ƙirya ne, zai riƙe wuta.
Ni sai na jira mako shida
na'ura ta gaya mini abin da kunnensa ke ji nan take.

Zagaye ɗari huɗu da sha bakwai,
layin na gangarowa a hankali,
tamanin da ɗaya cikin ɗari, bai sare ba.
Sai aka ɗauke wuta.
Folarin ya sauka wajen janareta, ya dawo: ba mai.

Na zauna a duhu, batirin a tafina,
sanyi ƙalau, cike da wutar da ba ta isa kunna fanka ba.
Ruwa ya kece a kan kwanon rufi.
Na laluba aljihu neman alƙalami
da faratan da sabulu ya gaji da su,
irin nasa sak.