Cinikin Ido a Marwa

Na shiga shagon Hamajoda da jaka ɗari da saba'in
ƙulle a bakin mayafi,
ribar albasar bara
da wani bashi da ban faɗa wa kowa ba.
Na ce ido na zo saya wa kyamarata.
Ya ce, "Wane iri? Na hango dutsen Mindif, ko na kusa?"
Na ce na kusa. Kusa ƙwarai.
Wanda zai ga abin da ke cin gonar babana a Meskin.

Ya jera biyu a tebur
a hankali, kamar mai tallar ƙwai.
Gajeren, milimita sittin, ba nauyi,
kuɗinsa ma bai fi ƙarfina ba.
"Amma sai kin kai hanci," in ji shi,
"har inuwarki ta rufe abin da kika zo gani.
Ƙwaro kuwa ba ya son baƙo mai numfashi."
Dogon, milimita ɗari, ya sha hannu.
Daga Duwala ya zo cikin safa,
da tabo a wuya irin na tsohon jaki.
Shi yana barinki ki tsaya kamu guda a baya
ki ƙirga gashin ƙafar ƙuda
bai san an zo ba.

Na ɗaga shi ga hasken ƙofa
ina neman fumfuna a cikin gilashin.
Babu.

Ya turo mini dala ashirin. "Gwada a nan."
Na sa ido.
Ƙarfen ya zama jeji mai tudu da kwari,
kowace ƙarzuwa turba ce da wani aljihu ya bari.
Na ja numfashi, duk ya narke.
Ashe abin da ke fita sarai
bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
gabansa dishi-dishi, bayansa dishi-dishi.
"Tsuke ƙofar haske, ki ƙara haƙuri.
Kafa gwiwar hannu a ƙasa.
Danna tsakanin bugun zuciya biyu."

Ya ce jaka ɗari biyu.
Na taya, ya ce albarka.
Muka sha shayi har ya salamce.
Na fito da dogon, ba murfi, ba jakarsa,
da alkawarin cikon goma idan an cire albasa.

Da asuba, kafin injin ban ruwa ya fara tari,
na kwanta rub da ciki tsakanin fangali biyu.
Baba ya ce rana ce ke ƙona ganyen.
Kawu Jingi ya ce baki ne.
Ni dai na ce a buɗe mini kwarin ganye ɗaya.
Baba ya tsuguna, ya buɗe da babban yatsa.

Hoto goma sha tara suka lalace.
Iska, sai hannuna, sai iska kuma.
A na ashirin ya tsaya:
rawaya, siriri kamar tsinken ƙaiƙayi,
fikafikansa da geza,
bakinsa a kafe cikin kore
yana barin farin zane a bayansa.

Na miƙa wa Baba.
Ya nisanta kyamarar da fuskarsa, ya matso da ita.
"Ɗan wannan? Shi ya ci mini buhu shida?"
Bai tambayi sunansa ba.
Idonsa ya riga ya koma gefen hoton,
inda wata ƙasa ta tsattsage
kamar cikin mayo a watan bazara,
kowace tsaga cike da baƙar laka.

"Nan kuma ina ne?"
Na ce, "Yatsanka ne, Baba."

Ya yi 'yar dariya, ya cusa hannun a aljihu.
Injin ya tashi, ruwa ya biyo lambatu.
Sai da ya kusa taɓa mini gwiwa
ya fiddo ɗayan hannun, ya goge a riga,
ya ce, "To, ɗauki wannan ma.
Shi ya fi yin aikin."