Musayar Gadi

Ƙarfe shida saura, duhu bai saki Leeds ba.
Asabe ta murɗa makulli, warin gidan tsofaffi a rigarta,
ni kuma ina ɗaure igiyar takalmi a kan matakala.
Gaisuwarmu ta koma lissafi:
ya sha ruwa kofi uku,
zafin jiki talatin da bakwai da ɗigo takwas,
ƙafar hagu ce yau, bayan ya lafa.
Ta gyaɗa kai, na ce sannu da aiki,
na tarar na faɗa wa ƙofa.
Shekara goma sha ɗaya da aure,
mun zama masu gadin gida ɗaya,
wannan na shiga, wannan na fita.

Nafi'u shekararsa bakwai.
Ya san sunayen magunguna
waɗanda harshena ke tuntuɓe a kansu.
Ranar Talata nas ta nuna masa fuskoki a jere,
daga mai dariya har zuwa mai kuka,
ta ce, wacce ce taka?
Sai da ya dube ni tukuna,
sannan ya ɗora yatsa kan ta tsakiya.
Na san ta ƙarshe ce.
Ragi ya yi mini,
irin na mai kanti da ya hango aljihun mai saye.

Sanyi ne ke tashin sikila daga barci,
shi ya sa ba ma kashe hita.
Mitar gas na cin fam kamar akuya ta samu rumbu a buɗe.
Inna ta kira daga Funtuwa,
muryarta na yankewa tana dawowa:
ba ku kuka ce can ce ƙasar magani ba?
Na ce ita ce, Inna.
Ta ce to a haɗa da zogale, a tofa masa Fatiha.
Na ce ana yi.
Ban gaya mata ina manta inda na tsaya a karatun ba.

Yini guda ina tuƙa bas,
waya a aljihun ƙirji, doka ta hana in taɓa.
In ta yi motsi sai hanya ta yi mini tsawo.
A tasha ta gaba in leƙa:
masu tallan inshora ne.
Ban taɓa sa wa ɗan talla albarka ba sai a garin nan.

Saudatu, yayarsa, ta koyi dafa taliya da kanta,
ta koyi saka hannu a madadina a littafin makaranta.
Ba ta roƙon komai.
Jiya ina wanke sirinji ta tsaya a bayana,
ta ce, Baba, in ni ma na yi ciwo
za ka kwana a ɗakina?
Ruwa na ta zuba a kan hannuna.
Daren nan a ƙasan gadonta na shimfiɗa bargo,
kunne ɗaya a wurinta,
ɗaya manne da bango.

Akwai jaka a bayan ƙofa, ba a kwance ta:
safa biyu, cajar waya, katin asibiti,
da wani kada na roba mai ƙafa uku
wanda in babu shi allura ba ta shiga.

Amma yau Asabar, ciwon ya tafi unguwa.
Ya ce tuwo yake so, miyar kuka, da man shanu.
Ya ci, ya ƙara, ya ɓata riga.
Can na ji su a falo suna kokawa kan rimot,
ya ja mata kitso, ta fasa ihu.
Na daka masa tsawa: Nafi'u, zan saɓa maka!
Gidan ya yi tsit.
Asabe ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu,
ta dube ni, na dube ta.
Wata huɗu rabon da in yi masa faɗa.
Dariya ta kama mu har ta zauna a ƙasa,
yaran na kallonmu kamar mun zautu.

Da zan kwanta na taɓa goshinsa sau biyu.
Na mayar da kadan cikin jaka.